Gyaɗa Kai Ba Ganewa Ba Ne: Yadda Likita Ke Auna Fahimtar Mace Kan Kansar Mama

Duk wadda ta taɓa raka dattijuwa asibiti a Makka ko Jidda ta san wannan. Dakatora na ta zuba bayani da Larabci, Hajiya na gyaɗa kai tana "ɗayyib, ɗayyib, in sha Allahu." An fito, ko bakin ƙofa ba a kai ba, sai ta kama miki hannu ta ce, "Ke, wai me ta ce ne?"

Na daɗe ina wannan rakiya. A unguwarmu idan aka ba mace mau'idin asibiti, wato ranar ganin likita, kuma Larabcinta na kasuwa ne, ni ake aiko wa. A haka na lura cewa likitocin da suka san aikinsu ba sa yarda da gyaɗa kai. Suna da hanyar da suke bi su gano abin da ya zauna a kan mace da abin da ya wuce ta bayan kunne. Wannan hanyar zan bi da ke daki-daki, don ki san abin da ake nema idan ke ce a kan kujera, ki kuma san yadda za ki taimaka idan ke ce mai rakiya.

Dalilin da ya sa suke wahalar da kansu a fili yake. Kansar mama ita ce kansar da ta fi kama mata a Saudiyya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kaɗai an gano ta a jikin mata kusan miliyan 2.3, ta kashe kimanin 670,000. Wadda aka gano da wuri galibi tana warkewa. Wadda ta zauna a gida da ƙullutu shekara guda saboda ta ji bayanin a karkace, aikinta ya yi nisa.

Tun kafin a shiga: wa zai yi tafinta

Likita mai lura tana fara auna yaren da za a yi magana da shi. Mace tana iya cinikin atamfa da Larabci tsaf, ta yi faɗa da direba da Larabci, amma kalmomi irin su "waram hamid" (ƙullutu mara lahani) da "ayyina" (samfur) ba ta taɓa jin su ba. Don haka idan aka tambaye ki ko kina jin Larabci, kada kunya ta sa ki ce "eh" alhali rabi kike ji. Ki ce kina ji, amma kina son a maimaita miki da Hausa.

A zaɓi mai rakiya da kyau. Ɗa namiji ba ya iya faɗa wa uwarsa "kan nononki yana fitar da jini?" Zai haɗiye tambayar ya ce, "Umma, wai ko akwai wata damuwa?" ita kuma ta ce babu, shi ke nan an wuce wurin. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ma kada a ɗora mata wannan kaya. A samu babbar mace wadda mara lafiyar ta yarda da ita, wadda ba za ta kai zancen gidan biki ba.

Ke kuma mai rakiya, doka ɗaya ce a kanki: kada ki amsa a madadinta. Na yi wannan kuskuren da wata gwaggona. Duk tambayar da aka yi, kafin ta buɗe baki na riga na amsa, don na ga na fi ta sanin abin. Likitar ta ajiye alƙalami ta ce da ni, cikin murmushi, ai ba ni ce za a yi wa hoton ba. Abin ya yi mini zafi a lokacin, amma gaskiyarta ce. Fahimtata take ta aunawa, ta Gwaggo kuwa ba ta ji ko kalma ba.

Mataki na farko: tambaya kafin bayani

Kafin ta faɗi komai, likitar za ta ce wani abu kamar, "Ya hala, me kika sani game da wannan ciwon?" ko "Me kike ganin ya kawo wannan kumburin?" Mata da yawa suna jin haushin wannan. Wata ta ce mini, "Ni da na zo ta gaya mini, ita kuma take tambayata?" Amma mai gini ba ya ɗora bulo sai ya duba ƙasar da zai ɗora a kai.

Abu uku take saurare. Na farko, sunan da kike kiran ciwon. Wata za ta ce daji, wata sankara, wata kansa, wata kuwa ba za ta ambaci sunan ba ko da wasa, sai dai "mugun ciwon nan," kamar yadda Larabawa ke cewa "almaradul habis." Na biyu, abin da kike zaton ya jawo shi. Na uku, abin da kike tsoro.

A nan ya kamata tafinta ta faɗi gaskiya ko da tana jin nauyi. Idan Hajiya ta ce yaro ne ya yi mata gyatsa a nono shekarun baya, ko ajiye kuɗi da waya a rigar mama ne, ko jifa aka yi mata, ki fassara shi yadda ta faɗa. Kada ki gyara don kar a ce mutanenmu ba su waye ba. Babu hujjar cewa ɗaya daga cikin waɗannan yana kawo kansa, amma likita tana buƙatar ji, domin wadda ta yarda jifa ne ba za ta ga amfanin dawowa asibiti ba.

Mafi hatsari a cikinsu ita ce maganar da muka gada cewa daji ba ya son ƙarfe, wato da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fantsama. Wannan magana ta hana mata da yawa yarda a ɗauki ɗan samfurin tsoka, alhali da shi kaɗai ake tabbatar da ko ƙullutu kansa ne. Na fahimci inda ta samo asali. A da, mace ba ta zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki, a yi mata aiki, bayan wata biyu ta rasu, sai a ce wuƙa ce ta tayar da shi. Ciwon kuwa ya riga ya bazu tun kafin ta zo. Allurar ɗaukar samfur ana yin ta ne bayan an kashe zafin wurin, cikin mintuna, mace ta koma gida ranar. Idan wannan tsoron yana ranki, ki faɗe shi a fili. Likitar da ba ta san Hausa ba ba za ta taɓa tunanin tambayarsa ba.

Mataki na biyu: alamomi, da bakinki

Daga nan sai a gwada ko kin san abin da ya kamata ya kawo ki asibiti. Akwai tsararrun tambayoyi da aka shirya don wannan a Ingila a 2009, masu bincike a ƙasashe da dama suna fassara su suna amfani da su. Dabarar da ke ciki mai sauƙi ce: a fara cewa ki lissafo alamomin da kanki, sai daga baya a karanto miki ɗaya bayan ɗaya ki ce eh ko a'a. Idan aka karanto, kusan kowa "eh" take cewa. Abin da mace ta lissafo da kanta shi ne abin da za ta tuna a banɗaki ranar da ta ga canji.

Yawancin mata ƙullutu kaɗai suke faɗa, su tsaya. Likita tana jira ta ji sauran: kaluluwa ko kumburi a hammata, kan nono ya shige ciki bayan da ba haka yake ba, ruwa ko jini yana fita daga kan nono ba tare da an matsa ba, fata ta lotsa ko ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, nono ɗaya ya canza girma ko siffa, ja ko ƙurjin da ya ƙi warkewa a kan nono.

Sai tambayar da ta fi kama mutane: "Idan ƙullutun ba ya ciwo fa?" Nan ne za ki ji an ce, "Ai tunda ba ya zafi, ba komai." Wannan amsar ita ce ke sa likita ta gyara zama, domin ƙullutun kansa a farkonsa galibi ba ya ciwo ko kaɗan. Sannan ta tambaya, "Kwana nawa za ki yi kafin ki zo?" Amsar "sai bayan aikin Hajji, yanzu lokacin nema ne" na sha jin ta, kuma na san dalilinta, mace ta ɗora abincin shekara a kan waɗannan makonni. Amma amsar da ake so ita ce cikin 'yan kwanaki.

Mai shayarwa ta riƙe wannan: kumburin nono da zazzaɓi a lokacin goyo galibi ƙwayar cuta ce, magani na kawar da shi. Idan an gama shan maganin kumburin ko jan yana nan, a koma. Kada a ce ruwan nono ne ya daskare a zauna.

Kuma yawancin ƙullutun da ake bincikawa ba kansa ba ne. Likita mai kirki tana faɗin wannan da wuri, don tsoro ma yana toshe kunne.

Mataki na uku: "Ni lafiyata ƙalau, me zan je yi?"

A ganina wannan ne wurin da fahimta ta fi karyewa, kuma ba a wurin Hausawa kaɗai ba. Wani binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Saudiyya a 2013 ya nuna kusan kashi 92 cikin 100 na matan Saudiyya masu shekara 50 zuwa 74 ba su taɓa yin mamogiram ba, wato hoton cikin nono da ake ɗauka da na'ura, duk da cewa kyauta ake yi musu. An yi ta wayar da kai tun daga lokacin. Ƙungiyar Zahra, wadda aka kafa a Riyad a 2007, tana wannan aiki, haka Dakta Samiya Al-Amudi ta Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, likitar mata da ta fito fili ta ba da labarin nata ciwon bayan an gano shi a 2006. Duk watan Oktoba za ki ga ruwan hoda, launin ƙyallen yaƙi da kansar mama, ya cika manyan kantuna. Amma sanin launin ƙyalle daban, sanin abin da hoton ke yi daban.

Likita za ta tambaya, "Mamogiram na wace mace ne?" Idan kika ce na wadda ta ji ciwo ne, ta san akwai sauran aiki. Abu biyu ne mabambanta. Akwai gwajin da ake yi wa mace mai lafiya, wadda ba ta jin komai, don a kama ciwon tun yana ƙarami, hannu bai isa ya ji shi ba. Larabawa suna ce masa "fahas mubakkir." A Saudiyya ana fara shi daga shekara 40, a riƙa maimaitawa duk shekara ɗaya ko biyu gwargwadon abin da likitarki ta tsara. Akwai kuma binciken wadda ta riga ta ga alama. Ita wannan ba ta jiran shekara 40, ba ta jiran Oktoba, ba ta jiran motar gwaji ta zo unguwa. Ko shekararta 25 ne, ta tafi yanzu. Mata masu ƙarancin shekaru ma sau da yawa da sikanin irin na masu ciki ake fara duba su, domin naman nononsu yana da kauri, mamogiram ba ya gani sosai.

Kuskure na biyu: wadda ta yi hoto bara aka ce lafiya, bana ta ji ƙullutu ta ce ai an riga an duba. Hoton bara labarin bara ne. Kuma shafa nono da hannu a gida yana da amfani don ki san jikinki, amma ba ya maye gurbin hoton.

Likita za ta so ta ji ko kin san yadda ranar hoton za ta kasance, don mace da ta sha mamaki ba ta dawowa karo na biyu. Ana matse nono tsakanin faranti biyu na 'yan daƙiƙoƙi, hoto biyu a kowane ɓangare. Akwai rashin daɗi, wasu suna jin zafi, amma ba ya daɗewa. Mace ce ke ɗaukar hoton a al'ada, kuma kina da damar ki nemi haka. Ranar kada ki shafa turaren hammata ko hoda, suna iya fitowa a hoton kamar wasu ɗigo. Idan kina al'ada, ki zaɓi makon da ke bayan kin yi wanka, lokacin nono bai cika tsami ba. Idan kina zaton ciki, ki faɗa. Idan kin taɓa yin hoto a wani asibiti, ki zo da shi, don da kwatanta tsoho da sabo ake ganin canji.

Mataki na huɗu: mayar da zance

Wannan shi ne zuciyar abin. Bayan ta yi bayani, likitar da ta ƙware ba ta cewa "Kin gane?" Wa zai ce wa likita bai gane ba? Mu da aka tarbiyyantar da mu kada mu musa wa babba. Abin da take cewa shi ne, "Ina so in tabbatar na yi bayanin daidai. Idan kin koma gida Alhaji ya tambaye ki me likita ta ce, me za ki gaya masa?" Kin ga ta ɗora laifin rashin ganewa a kanta, ta ɗauke miki kunya.

Ga yadda na ga an yi da wata maƙwabciyarmu, ni ina fassarawa:

"Inna, ta ce idan kin je gida me za ki faɗa wa Yaya?"

"In ce masa an ga abu, za a yanke nonon."

Likitar ba ta ce an yi kuskure ba. Ta ɗauki takarda ta zana da'ira, ta ɗiga ɗigo a ciki, ta ce an ga wannan ɗigon, ba a san ko mene ne ba, za a sa allura a ɗebo kaɗan a duba. Ta sake tambaya.

"To, ba yanka ba ne. Allura ce, a ɗiba a gani."

"Yaushe za ki dawo, Inna?"

"Ran Talata. In na ji sakamako sannan a san abin yi."

Sau biyu kawai, zancen ya zauna. Da an bar ta da "ɗayyib" ɗinta na farko, da daren nan an kira Kano an ce za a yanke wa Inna nono, kuma da wuya ta dawo ran Talatar.

Lura da abin da ake nema a mayar: mene ne aka gani, me za a yi, yaushe, kuma me zai faru idan ba a yi ba. Idan ana maganar duba nono a gida, ana cewa mace ta nuna da hannunta, a ga ko da tafin yatsu take shafawa, ko ta kai har hammata da ƙasan ƙashin wuya. Ke mai rakiya, ki yi haka nan a mota ko likitar ba ta yi ba. Abu biyu ko uku a lokaci guda sun isa, fiye da haka zubewa yake.

Mataki na biyar: taƙarir (takardar sakamako) da lambobinsa

Kiran waya daga asibiti cewa a dawo a ƙara hoto yana hana gida barci. Likita takan gwada ko mace ta san ma'anarsa tun kafin ya faru. A alƙaluman Amurka, cikin mata 1,000 da aka yi wa hoton, kusan 100 ake sake kira, kimanin 20 ake ɗaukar wa samfur, kusan 5 ake samu da kansa. Faɗin haka da adadin mata ya fi shiga kai a kan a ce kashi kaza cikin ɗari.

A ƙasan taƙarir za ki ga an rubuta BI-RADS, wato ma'aunin abin da aka gani a hoton, da lamba daga 0 zuwa 6. Sifili na nufin hoton bai wadatar ba, a ƙara wani. 1 babu komai, 2 an ga abu amma mara lahani. 3 kusan tabbas ba kansa ba ne, yiwuwar ba ta wuce 2 cikin 100 ba, sai dai a dawo bayan wata shida. 4 akwai shakka, a ɗauki samfur. 5 alamu sun yi ƙarfi ƙwarai. 6 an riga an tabbatar.

Kada a rikita wannan lambar da matakin ciwo. Na ga gidan da aka yi ta kuka don an ga 4 a takarda, wani ya duba waya ya ce mataki na huɗu ne, na ƙarshe. Lambar hoto ce kawai, ko tabbatar da ciwon ba a yi ba.

Dangi

Za a tambayi tarihin gida. Mutane suna kawo na uwa su manta na uba, alhali gadon yana bin ɓangare biyun: gwaggo da kaka ta wajen uba duk a lissafa, da wadda ta yi kansar ƙwan mace, da namijin da ya yi kansar nono, don maza ma suna yi, kusan ɗaya cikin ɗari na masu ciwon. Mu da danginmu suka rabu tsakanin nan da Najeriya da Sudan, a buga waya a tambayi tsofaffi, "ciwon ajali" ba amsa ba ce. Wadda kuma ta ce babu shi a gidansu don haka ta tsira, likita za ta gyara mata: na gado kashi 5 zuwa 10 ne kacal cikin 100.

Mataki na ƙarshe: ta gane, amma za ta zo?

Mace tana iya mayar da bayani tsaf ta kuma ƙi dawowa. Shi ya sa tambayar ƙarshe ba ta ilimi ba ce: "Me zai iya hana ki zuwa?" Nan ake jin gaskiya. Babu mai kawo ta. Ba ta san ko taminin da ke kanta, wato inshorar lafiya, ya ɗauki kuɗin hoton ba. Iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ta ƙare. Tana tsoron idan aka cire nono Alhaji zai ƙaro aure. Tana tsoron kimawi, wato maganin kansa mai ƙarfi, da zubewar gashi. Kowanne da maganinsa daban, kuma ƙarin bayani kan alamomi ba zai warware ko ɗaya ba. Asibitoci suna da ma'aikatan jin daɗin jama'a, a nemi ganinsu kan batun kuɗi da takardu. 'Yar ƙasar Saudiyya tana iya kama mau'idi a cibiyar lafiya ta unguwa ta manhajar Sehhaty, kuma lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya tana amsa tambayoyi.

Idan aka zo sa hannu don ɗaukar samfur ko aiki, likita tana duba abu huɗu: mace ta fahimci bayanin, ta yarda da kanta ake magana, ta iya auna zaɓin da ke gabanta, ta furta abin da ta zaɓa. Babbar mace mai hankali ita ke sa hannu a kan jikinta. Shawara da miji da 'ya'ya abu ne mai kyau, kuma likita za ta tambaye ta wa take so a sanar, har ma nawa take son ji. Abin da ba na goyon baya shi ne 'ya'ya su ja tafinta gefe su ce, "Kada ki faɗa mata, ki ce ƙurji ne." Wadda aka ce wa ƙurji ne, da ta ji sauƙi za ta daina zuwa.

Kafin ku bar asibitin, ki buɗe WhatsApp ki sa ita da kanta ta yi saƙon murya da Hausa: abin da aka gani, abin da za a yi, rana da sa'a, hawa na nawa, da abin da za ta zo da shi. Ki tura mata, ki tura wa wanda zai kawo ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kuka asibiti zuwa kammala bincike, don haka ki rubuta ranar zuwan farko a bayan katin. Idan mako biyu ya wuce ba a kira kan sakamako ba, kada a ɗauka shiru lafiya ne, a ɗauki katin a koma a tambaya.